Ƙima ko Ɗan Aji: Sharhi a kan Tantance Nau'in Bayani Yayin da Manhaja Take Gudana

Daga cikin tambayoyin da suke yawan tsayar da masu koyon shirya manhajar kwamfuta, har ma da waɗanda suka daɗe a sana'ar, akwai wadda take da sauƙin furtawa amma amsarta take sauyawa daga harshe zuwa harshe: idan manhaja tana cikin gudana, aka miƙo mata wani bayani wanda ba ta san nau'insa ba tun farko, ta yaya za ta gane ko ƙima ce tsagwaronta ko kuwa ɗan aji ne? Ƙima ita ce bayanin da bai ƙunshi komai ba sai abin da yake nufi, kamar lamba 500 ko kwanan wata, wanda idan aka kwafe shi aka samu biyu, kowanne zai zauna da ƙafarsa. Aji kuwa tsari ne da mai shirya manhaja yake zayyanawa sau ɗaya, ya ce duk abin da aka ƙera da shi zai ƙunshi bayanai kaza, ya kuma iya ayyuka kaza. Kowane abu da aka ƙera bisa wannan tsari shi ake kira ɗan aji, kuma a yawancin harsuna abin da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu shi ne adireshin wurin da yake zaune a ma'ajiyar kwamfuta. Wannan sharhi zai nuna cewa tambayar, duk da tana kama da guda ɗaya, tambayoyi uku ne aka ɗaure wuri guda, kuma gwajin da kowane harshe ya tanada yana amsa ɗaya ne kawai daga cikinsu.

Batun ya shafi masu karatu na Nijar da arewacin Najeriya kai tsaye, domin mafi yawan wayoyin zamani da ke hannun jama'a a Dogon Dutsi da Maraɗi da Kano suna aiki ne da Android, manhajojin Android kuma da harsunan Java da Kotlin aka fi rubuta su, waɗanda wannan matsala take da tushe a cikinsu. Ɗalibin da ya tashi daga ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ya tafi karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ya tsallaka zuwa Jami'ar Bayero ta Kano, ba zai daɗe ba kafin ya ci karo da ita.

Inda bambancin yake

A ƙaddara an rubuta wata manhaja domin riƙe lissafin bankin hatsi a Sukukutane, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Dogon Dutsi a jihar Dosso, irin bankunan nan na ƙauyuka da suke sayen gero da kaka lokacin da yake da araha, su sayar ko su ranta wa mambobinsu da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Manhajar za ta riƙe bayanai iri biyu. Adadin tiyar da aka ranta wa mutum ƙima ce, domin tiya 40 da ke kan wannan da tiya 40 da ke kan wancan adadi ɗaya ne, babu wani dalilin da zai sa a tambayi wace arba'in ce. Shi kuwa mamba ɗan aji ne, domin mutum biyu suna iya yin suna ɗaya, su fito daga ƙauye ɗaya, bashinsu ya zo ɗaya, amma duk da haka mutum biyu ne, kuma idan ɗayansu ya biya, wajibi ne duk wani sashe na manhajar da yake riƙe da shi ya ga biyan nan take. Wannan kasancewar abu shi kansa, ko da wani ya yi kama da shi ta kowace fuska, ita za a kira zati a wannan sharhi. Miƙa ƙima tamkar auna wa mutum gero ne a zuba masa a buhunsa, abin da ya yi da shi bai taɓa na mai bayarwa ba; miƙa ɗan aji kuwa tamkar nuna masa rumbu ne, wanda idan ya ɗiba, duk wanda aka nuna wa wannan rumbu zai tarar ya ragu.

Daga nan tambayoyin uku suke fitowa. Ta farko ta kwafi ce: idan aka zuba bayanin a wani gurbi, wato wurin ajiya mai suna a cikin manhaja, shin an sami abu na biyu mai cin gashin kansa, ko an sami hanya ta biyu ne zuwa abu ɗaya? Ta biyu ta zati ce: shin akwai ma'ana a tambayi ko waɗannan biyun abu ɗaya ne, ban da tambayar ko abin da ke cikinsu ya zo daidai? Ta uku ta wurin zama ce: shin bayanin yana cikin tari, wato sashen ma'ajiya da ake ɗora abu a samansa idan aiki ya fara a kuma cire shi da zarar ya ƙare, ko yana cikin fili, sashen da abu yake iya daɗewa har sai an daina buƙatarsa? Littattafan masu fara koyo sukan haɗe ukun, su ce ƙima tana tari, ɗan aji yana fili, wannan taƙaitawa kuma ita ce mafarin ruɗani mai yawa.

Yadda harsuna suka raba gari

Aji da ɗan aji sun fara bayyana ne a harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka tsara a birnin Oslo na ƙasar Nowe, kuma abin lura shi ne cewa sun raba al'amuran biyu tun a rubutu: alamar := ta zuba ƙima ce, alamar :- ta zuba adireshi ce, haka nan alamar = tana kwatanta ƙima, alamar == kuma tana tambayar ko adireshi biyu abu ɗaya suke nunawa. Harshen Smalltalk, wanda Alan Kay da abokan aikinsa suka raya a cibiyar binciken kamfanin Xerox a shekarun 1970, ya ɗauki matsayin cewa komai ɗan aji ne, har da lambobi. Bjarne Stroustrup, wanda ya fara aikin da ya zama C++ a 1979, ya bi wata hanya dabam, inda ya bar wa gurbi zaɓin, ta yadda abu ɗaya yana iya zama a riƙe shi kai tsaye a nan, a riƙe adireshinsa a can, saboda haka a C++ tambayar ta fi shafar gurbin fiye da nau'in bayanin.

Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995 ƙarƙashin jagorancin James Gosling, ya raba duniya gida biyu: nau'o'i takwas na tushe, irin su int na lamba cikakkiya da double na lamba mai ɓurɓushi da boolean na gaskiya ko ƙarya, su kaɗai ne ƙima, duk sauran abubuwa ƴan aji ne. C# na kamfanin Microsoft, wanda Anders Hejlsberg ya jagoranta kuma ya fito tare da dandalin .NET a 2002, ya bai wa mai shirya manhaja damar ƙera nasa nau'in ƙima da kalmar struct. Swift, wanda Apple ya gabatar a 2014 bayan Chris Lattner ya fara shi a 2010, ya zarce da wannan ra'ayi har ya mai da rubutu da jeri da ƙamus duk nau'o'in ƙima.

Me ya sa ake tambaya a lokacin gudana

A mafi yawan lokuta babu buƙatar tambayar, domin mafassari, wato manhajar da take juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin na'ura, ya riga ya san nau'in kowane gurbi tun kafin manhajar ta fara aiki. Buƙatar tana tasowa ne a ayyukan gama-gari, waɗanda aka rubuta domin su karɓi kowane irin bayani. A manhajar bankin hatsi, sashen da yake adana hoton lissafi kafin a yi gyara, domin a iya komawa baya idan ma'aji ya yi kuskure, dole ne ya san abin da yake kwafa, domin idan adireshin mamba kawai ya kwafa, gyaran zai shafi har da abin da aka ce an adana, a wayi gari babu inda za a koma. Haka nan sashen da yake tattara bayanai ya mai da su rubutu domin a tura su idan an samu intanet yana buƙatar sanin ƴan aji, saboda mamba yana nuna bashinsa, bashin kuma yana nuna mamba, wanda duk ya bi wannan zobe ba tare da tuna inda ya riga ya taka ba zai yi ta zagaye har ma'ajiya ta cika.

Babban mai wannan tambaya shi ne mai sharar ma'ajiya, sashen da yake bin adireshi yana gano abubuwan da aka daina amfani da su domin a sake amfani da wurinsu, dabarar da John McCarthy ya ƙirƙiro wa harshen Lisp a wajajen 1960. Ga na'ura, lamba da adireshi duk jerin sifiri da ɗaya ne, don haka wasu harsuna suke ware bit guda, wato mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, ya zama alama. A OCaml, idan bit na ƙarshe ɗaya ne to lamba ce, shi ya sa lambar wannan harshe take da bit 63 a na'ura mai bit 64; injin V8 da ke cikin Chrome yana yin akasin haka, inda sifiri yake nuna ƙaramar lamba. Wasu harsunan kuwa suna liƙa wa kowane ɗan aji wani ɗan kan bayani mai nuna ajinsa, ita kuma ƙima su bar ta tsirara, ba ta ɗauke da komai game da kanta.

A nan gizo yake saƙar. Tun da ƙima ba ta ɗauke da shaidar nau'inta, ba ta iya shiga gurbin gama-gari, irin Object na Java ko object na C#, sai an ƙunshe ta, wato an ƙera wani ɗan aji na wucin gadi an zuba ta a ciki. Ma'anar haka ita ce, a daidai lokacin da aka miƙa ƙima ga sashen da zai bincike ta, miƙawar kanta ta riga ta sauya mata siffa, mai bincike kuma ƙunshin yake gani.

Amsar kowane harshe da tarkonsa

C# ya fi sauran sauƙi, domin ƙunshinsa yana riƙe sunan nau'in asali. Idan aka kira GetType a kan bayani, aka duba IsValueType, za a samu amsar gaskiya ko da an ƙunshe shi. Duk da haka akwai wuraren tuntuɓe: System.ValueType, wanda dukkan nau'o'in ƙima suke gado daga gare shi, shi kansa aji ne, kuma gwajin yana cewa ba ƙima ba ne. Sannan lamba mai iya zama fanko, wadda ake rubutawa int? tun daga sigar C# ta biyu a 2005, idan aka ƙunshe ta takan koma int zalla in tana da ƙima, ko ta zama babu komai in fanko ce, ta yadda binciken nau'inta zai karya manhajar.

A Java ƙunshin yana shafe asali. Tun daga Java 5 na 2004 mafassari yana ƙunshe int a cikin ajin Integer da kansa ba tare da ya sanar ba, kuma idan aka tambayi ajin abin da aka karɓa, amsar isPrimitive kullum a'a ce, domin gwajin yana cewa e ne kawai idan aka yi shi a kan bayanin nau'in tushe kansa. Illar wannan tana fitowa fili wajen kwatanci. Ƙa'idar harshen ta wajabta cewa lambobi daga −128 zuwa 127 su riƙa samun ƙunshi ɗaya tabbatacce, waɗanda suka wuce haka kuwa yawanci sabon ƙunshi ake ƙera musu kowane lokaci, alamar == kuma a tsakanin Integer biyu adireshi take kwatantawa. Mai shirya manhajar bankin hatsi da ya gwada ta da sefa 25 da 50 da 100 zai ga komai yana tafiya daidai, amma ranar da mamba ya biya sefa 500 a kan bashin sefa 500, manhajar za ta ce kuɗin bai yi daidai da bashin ba. Ko da dala aka yi lissafin, kamar yadda ake ƙirga kuɗi a kasuwannin Nijar, iyakar tana tsayawa ne a dala 127, wato sefa 635. Kotlin, wanda Google ya amince da shi a hukumance domin Android a 2017, ya gaji wannan hali, domin Int ɗinsa yakan zama ƙima zalla, amma Int? mai iya zama fanko yakan koma Integer a ƙunshe. Aikin Valhalla, wanda aka fara a 2014 ƙarƙashin Brian Goetz, manufarsa ita ce samar wa Java azuzuwan da ƴaƴansu ba su da zati, tsawon shekarun da ya ɗauka kuma shaida ne na zurfin matsalar.

Swift shi ne ya fi nuna yadda gwajin da yake aiki jiya yake iya daina aiki yau. Kalmar AnyObject tana nufin kowane ɗan aji, don haka masu shirya manhaja suka saba tambayar ko bayani AnyObject ne. Amma a Swift 3, wanda ya fito a watan Satumba na 2016, an karɓi shawara mai lamba SE-0116 domin sauƙaƙa hulɗa da tsohon harshen Apple, Objective-C, inda aka ba kowace ƙima damar tsallakawa ta zama ɗan aji, ko dai ta koma takwararta kamar NSNumber da NSString, ko a ƙunshe ta a wani aji na ɓoye. Daga nan, a na'urorin Apple, gwajin ya koma amsa e ga komai. Hanyar da ta tsira ita ce a daina tambayar bayanin, a tambayi nau'insa: a samo nau'in da type(of:), sannan a duba ko AnyClass ne, domin nau'i ba ya shiga ƙunshi. Ita ma tana da iyaka, saboda ɗan ajin da aka naɗe cikin Optional, wato rigar da ke nuna cewa abu yana iya zama fanko, zai fito a matsayin ƙima, tun da rigar kanta ƙima ce. Akwai kuma Mirror, kayan aikin da yake leƙa cikin bayani ya faɗi siffarsa, sai dai mai nau'in yana da ikon sauya abin da Mirror zai faɗa, saboda haka bai dace a gina hukunci a kansa ba.

A JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, kalmar typeof tana cewa null, wato fanko, abu ne mai adireshi, kuskuren da ya samo asali daga alamar bit ta farkon injin, inda alamar abu mai adireshi ta kasance sifiri, shi ma null sifiri ne, kuma an bar shi haka har yau gudun karya tsofaffin shafukan intanet. Gwajin da ya fi inganci a can shi ne a ƙunshe bayanin da Object a kwatanta sakamakon da asali: in sun zama abu ɗaya, dama can mai zati ne. Python kuwa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ba shi da nau'in ƙima ko ɗaya, komai ɗan aji ne, kuma abin da ya kamata a tambaya a cikinsa shi ne ko abu yana karɓar gyara, kamar jeri, ko ba ya karɓa, kamar lamba da rubutu. Shi ma babban injinsa yana adana lambobi daga −5 zuwa 256 a ƙunshi tabbatacce, abin da ya sa sigar 3.8 ta 2019 ta fara gargaɗin wanda ya kwatanta lamba da kalmar is.

Abin da gwajin ba ya faɗa

Ko an samu gwaji mai inganci, abin da yake bayyanawa shi ne kalmar da mai nau'in ya rubuta lokacin da yake ƙera shi, halin nau'in kuwa wani abu ne dabam. Rubutu a Java da C# ɗan aji ne, amma da yake ba ya karɓar gyara, raba adireshinsa ba ya cutar da kowa, don haka a aikace yana tafiya kamar ƙima. A ɗaya ɓangaren, struct da yake riƙe da adireshin mamba a cikinsa ƙima ne a suna, amma kwafinsa da asalinsa mamba ɗaya suke nunawa, sashen adana hoton lissafi da ya yarda da gwajin kuma zai faɗa cikin kuskuren da yake gudu. Jerin Swift ƙima ne a waje, a ciki kuwa yana riƙe da adireshin wata ma'ajiya da ke fili, wadda kwafi da asali suke tarayya a kanta har sai ɗayansu ya zo gyara, a lokacin ne ake yin kwafin gaske. Dandalin .NET ya fahimci wannan giɓi, shi ya sa ya tanadi wani gwaji na dabam mai suna IsReferenceOrContainsReferences, wanda yake tambayar ko nau'i adireshi ne ko kuma yana ɗauke da adireshi a cikinsa.

Tambayar wurin zama ita ce ta fi rauni. Lambar da take cikin ɗan aji tana fili tare da shi, duk da ƙima ce. Injin Java kuma yana iya gano cewa wani ɗan aji ba zai fita daga aikin da aka ƙera shi a ciki ba, sai ya warware shi ya fasa ajiye shi a fili. Eric Lippert, wanda ya yi aiki a tawagar mafassarin C#, ya yi bayani a wani rubutu na 2009 cewa zaman ƙima a tari dabara ce ta aiwatarwa kawai, abin da ya mai da ita ƙima shi ne yadda ake kwafe ta.

Hukunci

Abin da wannan bincike ya tabbatar shi ne cewa gwajin lokacin gudana yana da halaccinsa a wurare ƙalilan: mai sharar ma'ajiya, da sashen mai da bayani rubutu, da kayan bin diddigin kurakurai. A waɗannan wurare ƙa'idar ita ce a tambayi nau'i maimakon bayanin da aka riga aka ƙunshe, a cire rigar fanko kafin a yi tambaya, a kuma tuna cewa ƙima tana iya ɓoye adireshi a cikinta. A sauran ayyuka kuwa, tun ran gini tun ran zane: harsunan zamani sun ba da damar a shimfiɗa sharaɗi tun lokacin fassara, kamar yadda C# yake barin a ce aikin gama-gari struct kaɗai zai karɓa ko class, wato aji, kaɗai, Swift kuma yake barin a gindaya sharaɗin AnyObject, ta yadda mafassari zai ƙi kuskuren tun manhajar ba ta isa wayar ma'aji ba. Inda ake buƙatar kwafi mai cin gashin kansa, ya fi dacewa kowane nau'i ya tanadi hanyar kwafe kansa, domin shi ya san abin da ke cikinsa. Inda ake kwatanta kuɗi ko adadi a Java, a yi amfani da equals ko a riƙe lambar a nau'in tushe. Inda ake buƙatar zati mai ɗorewa, kamar na mamban banki, a ba shi lambar rajista, domin adireshin ma'ajiya yana mutuwa da zarar an kashe waya.

Ya kamata malaman da suke koyar da shirya manhaja a jami'o'i da cibiyoyin horo na Nijar da arewacin Najeriya su gabatar da tambayoyin uku a rarrabe tun a darussan farko, su kuma sa ɗalibai su gwada kowace manhajar lissafi da lambobin da suka haura 127 kafin a miƙa ta ga masu amfani da ita.